Ranar da Baba Tobiya Ya Tsallake Umma

Hajaratu ta fito da buta a hannu, ta tarar da shi tsugune a bakin murhunta yana kwasar toka da gutsuren kwano, yana zubawa cikin wani tsohon gwangwanin fenti. Ba yau ya fara ba, ba kuma yau ta fara gani ba. Amma yau kwana huɗu ke nan 'yarta Umma na kwance, jiki zafi rau, don haka idon da ta dube shi da shi ba irin na jiya ba ne.

"Baba Tobiya, me ka ajiye a murhuna?"

Tsohon ya ɗago kai, ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar. "Ba komai, Maman Umma. Toka na jiya ne kawai. Yarinya ya kwana lafiya?"

Hausarsa dama ba ta raba mace da namiji. Hajaratu ta ce ya mayar mata da tokarta inda ya same ta. Ya juye gwangwanin ba musu, har da kaɗe gindinsa. Da zai wuce ya ce mata ta riƙa tafasa ruwan rijiya kafin ta ba yarinya, don tun da damina ta yi nisa launinsa ya sauya. Hajaratu ta bi shi da harara. A ranta ta ce, dama mai laifi ba ya rasa abin da zai nuna da yatsa.

Gidan haya ne na Alhaji Hammanjoda a unguwar Sarkin Dawaki: ɗaki takwas, rijiya ɗaya, madafi ɗaya mai murhu a jere. Tun da aka yanke jihar Taraba shekara biyu da suka wuce aka mai da Jalingo hedikwata, ma'aikata suka kwararo daga Yola, ɗaki ya yi wuya, kowa ya zauna da maƙwabcin da Allah ya haɗa shi da shi. Mijin Hajaratu, Hayatu, direban gwamnati ne, a lokacin kuwa yana can Gembu, ruwa ya yanke hanya. Baba Tobiya shi ne mai ɗakin ƙarshe. Tsohon ma'aikacin famfo ne, Kirista, matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya tana aure a Fatakwal.

Kullum da sassafe sai ya bi murhun kowa ya kwashe toka, ya shiga ɗaki ya sake riga, ya ɗauki gwangwaninsa ya nufi bayan gari. In ya dawo sai ya zauna gindin mangwaro da wani littafi mai baƙin bango, yana bin layi da yatsa, yana rubutu a wani ƙaramin littafin makaranta. Da fari matan gidan har albarka suke sa masa. Wa zai ƙi a yi masa shara kyauta?

Patricia ce ta fara jawo magana. Ita ce mai buga tafireta a sakatariya, ita kaɗai ke karanta Turanci a cikin matan. Wata rana tsohon ya shiga bayan gida ya bar littattafansa a kan benci, ta leƙa. Ta dawo madafi ido waje, ta ce ita dai tun da take zuwa coci ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Shafi bayan shafi ba komai sai yanka: inda za a tsayar da dabba, kwanon da za a tari jini, kusurwar da za a fara yayyafawa. A ƙaramin littafin ma har zane ya yi, wani abu mai ƙaho huɗu, ya ɗiga masa jan biro. Goggo Nasiba mai waina, wadda ta girme su duka, ta ce ai ruwa ba ya tsami banza. Toka ta san abin da kowa ya ci, in ji ta, wanda ya riƙe tokar murhunki ya riƙe cikin 'ya'yanki.

Duk wannan a ƙus-ƙus ake yi. Hajaratu ce ta fara faɗin kalmar a fili, a bakin rijiya, ranar da ta sa shi mayar da toka. Ta ce maye ne, shi ya kama kurwar 'yarta. Magana kuwa zarar bunu ce. Kafin Lahadi ta kai unguwar Kachalla Sembe, ta shiga cocin su Baba Tobiya, dattawa biyu suka zo suka yi masa tambayoyi, aka ce ya ɗan huta da karatu a gaban jama'a. Matan gidan kowacce ta koma tashi tun asuba tana kwashe tokarta da kanta tana ɓoyewa. Tun da aka gina gidan nan madafin bai taɓa ganin tsabta irin ta wannan makon ba.

Shi kuwa tsohon sai ya janye jikinsa. Ya daina zama gindin mangwaro, sannan ya daina fitowa gaba ɗaya. Dama ƙafafunsa sun jima suna kumbura. Ana jin tarinsa ta bayan labule, amma ba wadda ta ɗaga labulen.

Umma kuma sai ƙara baya take yi. An sha maganin kemis, an sha rubutu, an yi hayaƙi, yarinya 'yar shekara biyar ta koma sai ido. Sau biyu Hajaratu na ɗaura zane da niyyar asibiti, Goggo Nasiba na tare ta a ƙofa tana cewa ciwon maita ba ya son allura, ana soka mata an gama. Tsoro ya cika Hajaratu. Ran kwana goma sha ɗaya da hantsi, Goggo ta shigo ta ce tarin tsohon ya sauya, ba ya kai jibi. In ya mutu da kurwar yarinya a hannunsa, tare za su tafi. Magani ɗaya ne, wanda kowa ya sani tun kaka da kakanni: a kai masa ita ya tsallake ta sau uku, ya sake ta.

Hajaratu ta saɓi 'yarta, mata biyar na biye da ita. A bakin ƙofa suka ja suka tsaya, ita kaɗai ta shiga.

Ta yi zaton za ta ga ƙahoni da layu da tulunan tsafi. Abin da ta gani gado ne na ƙarfe, da kujera ɗaya, da hoton wata mata a bango, da littattafai biyu masu baƙin bango a kan akwati. Tsohon na jingine da filo, ƙafafunsa sun yi sumul kamar turmi. Ta shimfiɗa Umma a kan tabarma a gabansa, ta ja gefe ta tsaya. Ya dubi yarinyar, ya dubi inuwar ƙafafun da ke ƙarƙashin labule. Shekara sittin da wani abu a ƙasar nan, ba sai an yi masa bayani ba.

Ruwa ya fara roƙa. Ta buɗe randarsa ta ga ƙasanta a bushe ƙayau, har gizo ya fara saƙa. Ta leƙa ta karɓi moɗa a hannun Patricia ta ba shi, ya shanye tas.

"Maman Umma," in ji shi, "ka san in na tsallake shi, na ce da bakina ni maye ne?"

"Baba, ni 'yata nake so."

"Na sani. Zauna kaɗan. Ba wanda ya tambaye ni da hankali, bari in faɗa wa mutum ɗaya."

Muryarsa ba ta kai ƙofa ba, balle matan su ji. Ya ce lokacin da yake da ƙarfinsa ya yi aikin shimfiɗa bututun ruwa a wajen Numan, ƙarƙashin wani injiniya Bayahude. Mutumin nan kullum kafin a fita aiki sai ya karanta shafi ɗaya na littafinsu, ko ana ruwa ko ana rana, kuma a wancan lokacin karatunsa duka a kan dokokin hadaya ne, irin wadda kakanninsu ke yi a babban ɗakin ibadarsu. Ɗakin kuwa ya rushe shekara kusan dubu biyu. Wata rana ya kasa haƙuri ya ce masa, Oga, ɗaki babu, rago babu, wuƙa babu, to me kake karantawa? Injiniyan ya yi dariya ya ce ɗakin ne ya faɗi, amma mutumin da ke jawo ragon yana nan bai sauya ba, shi yake karantawa. Da zai koma ƙasarsu ya bar masa littattafan nan biyu da aka juya zuwa Turanci. Shekara ashirin ke nan yana bin su shafi ɗaya a rana, in ya kai ƙarshe ya koma farko.

A ciki ya ga cewa aikin farko a ɗakin nan da safe ba yanka ba ne, kwashe tokar jiya ne. Kuma ba yaro ake sawa ba, mai hidimar ɗakin da kansa yake yi, ya sake tufafi, ya kai ta bayan gari wuri mai tsabta. Wannan ya tsaya masa a rai. Ya ce shi ba shi da wurin hadaya, murhu ne a gabansa. Ya kuma lura in an hura wutar yau a kan tokar jiya, sai hayaƙi. Shi da matarsa a kan haka suka zauna, ba sa barin faɗan jiya ya ga rana. Da ta mutu murhunsa ya daina tara toka, sai ya koma kwashe ta maƙwabta don hannunsa ya saba.

Hajaratu ta dubi hoton bangon, ta kawar da kai. Wani sashe na zuciyarta na cewa gaskiya yake faɗi, wani na cewa ai maye ba ya rasa daɗin baki. Daga waje Goggo Nasiba ta yi gyaran murya ta ce rana na yi.

Tsohon ya huta, ya ci gaba. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro a karatun shi ne maganar niyya. Dabba lafiyayya, wuƙa mai kaifi, komai daidai, amma in mai yanka ya ƙulla wani abu dabam a ransa lokacin da ya sa wuƙa, duka ya ɓaci, alhali ba wanda ya gani. Hajaratu ta tuna mahaifinta ranar Sallah, yadda yake duba idon rago da kunnensa, yadda yake yin shiru kafin ya yanka. Ashe abin bai yi nisa da nasu ba. Ya ce kuma an rubuta wanda ba shi da sa ya kawo rago, wanda ba shi da rago ya kawo tantabara, wanda ko ita ba shi da ita ya kawo gari cikin tafin hannu, a karɓa daidai da na mai sa.

"Ni yanzu ko gari ba ni da shi," ya ce, ya dubi ƙafafunsa ya yi ɗan murmushi. "Ƙafa ne ya rage, shi ma ya kumbura. Zan tsallake yarinya. Amma ka rantse mini, daga ɗaki nan sai asibiti. Ba gida, ba Goggo. Allura ba zai kashe shi ba, ruwa ne yana kashe shi."

A nan ne Hajaratu za ta iya ɗaukar 'yarta ta fice, ta wuce matan nan ta tafi asibiti ba tare da kowa ya tsallake kowa ba. Tunanin ya zo mata sarai, ba za ta ce bai zo ba. Amma ta dubi ƙirjin Umma yana hawa da sauka da sauri, ta ce a ranta, in fa Goggo ce mai gaskiya? Ta zaɓi ta riƙe biyun duka, ko da kuwa da mutuncin tsohon za a biya. Ta rantse masa da Allah.

Ya ce a ɗaga labule kowa ya gani, don in ba su gani ba ba za su bar ta ta tafi ba. Ba wadda ta yarda ta taɓa shi, sai ita ta sa kafaɗa ya dafa. Ta yi mamakin rashin nauyinsa. Ya ɗaga ƙafar dama da hannunsa biyu ya haye, ya jawo ta hagu. Ya juyo yana haki ya sake. A na ukun ya daɗe tsaye, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yarinyar na tsakani tana kallonsa, yana kaffa-kaffa kada yatsansa ya taɓa ta. Da ya haye sai ya zame ya zauna a ƙasa, bai iya komawa gado ba.

"Alhamdu lillahi, ya sake ta," in ji Goggo Nasiba. Patricia ta rufe baki da hannu tana kiran sunan Yesu.

Hajaratu ta goya 'yarta ta fita. Goggo ta biyo ta har zaure tana cewa ina kuma za ta, ai an gama. Ba ta waiwaya ba, ta tsayar da ɗan acaɓa. Sai da suka hau kwalta ta tuna ta bar shi zaune a ƙasa.

A asibiti nas ta wanke ta tas da faɗa, ta ce wace irin uwa ce za ta zauna da yarinya kwana goma sha ɗaya. Aka ɗebi jini aka ce taifot ne. Aka ɗaura ruwa, aka soka allurar da ake tsoro, Hajaratu ta runtse ido tana salati, ba abin da ya faru sai kukan Umma. A ɗakin da aka kwantar da su akwai yara huɗu daga unguwarsu, duk ciwo ɗaya, duk 'yan ruwan rijiya, kuma ba ɗaya a cikinsu da wani ya taɓa kwashe wa uwarsa toka. Wannan ta tabbatar da kanta, don sai da ta bi iyayen ɗaya bayan ɗaya ta tambaya.

Kunya ta kama ta irin wadda ba ta taɓa ji ba. Kwana huɗun da ta yi a bakin gadon nan, shirya magana take yi. Za ta durƙusa a gabansa ta ce ya yafe mata. Za ta tsaya a bakin rijiyar nan, inda ta faɗi kalmar, ta janye ta da babbar murya. Za ta je har cocinsu in ta kama. Ran kwana na uku Umma ta buɗe ido ta ce tana jin yunwa. Ran na biyar aka sallame su. A bakin ƙofar asibiti Hajaratu ta sa mai kunun gyaɗa ta cika mata fulas, ta ce a sa sukari kaɗan, na tsoho ne marar lafiya.

Da guɗa aka tarye su. Matan gidan suka kewaye Umma, wannan ta ɗaga ta, waccan ta taɓa kumatunta, ana barka da arziki. Hajaratu na amsawa idonta na kan ɗakin ƙarshe. Babu labule. An ja ƙofa an sa sabon kwaɗo.

Patricia ce ta gaya mata. Washegarin ranar da ya tsallake Umma ya cika, da azahar Alhaji ya sa aka leƙa aka same shi. Coci ta aiko maza huɗu da akori-kura, suka ɗauke shi ba waƙa ba wa'azi, don jama'a sun ƙi fitowa. An aika wa 'yarsa, ba a san ko saƙon ya isa ba. Goggo Nasiba ta ce Allah ya taimake su da suka yi sauri, da an ƙara kwana ɗaya da yanzu wani zancen ake yi.

Hajaratu ta ajiye ƙullin kayanta, ta je bakin rijiya ta tsaya. Ta ce ita ta ce masa maye, kuma ƙarya ta yi. Ta faɗi abin da likita ya ce, ta faɗi yaran nan huɗu, ta ce rijiyar nan da suke tsaye a kanta ita ce mayyar. Ta fara ba su labarin injiniya da tokar jiya, amma a bakinta labarin ya ƙi zama yadda ya zauna a bakinsa.

"Likita ai sai ya faɗi nasa, 'yar nan," in ji Goggo Nasiba, cikin lallashi. "Mu da idonmu muka gani. Ya tsallake, ta tashi."

"Maman Umma," Patricia ta ce a hankali, "ni ma na so a ce ba haka ba ne. Amma in ba shi ba ne, me ya sa ya yarda?"

Hajaratu ta buɗe baki. Amsar tana nan, ta san ta kamar yadda ta san sunanta, amma ta dubi fuskokinsu ta ga ba inda za ta shiga. Aka dafa ta aka ce gajiya ce, ta je ta kwanta ta gode wa Allah. Kowa ta koma kan girkinta.

Ba ta nufi ɗakinta ba. Ta ja hannun Umma suka je ɗakin ƙarshe, ta zauna a dokin ƙofa, bayanta jingine da ƙyauren. Daga madafi wata ta ce ta ɗauke yarinya daga wurin nan. Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta buɗe fulas ɗin, kunun na nan da zafinsa, ta tsiyaya a murfi ta riƙe, tururi na tashi, ba ta san wa za ta miƙa wa ba.

Umma ta sa hannu biyu ta karɓa, ta shanye, ta lashe baki, ta miƙo murfin. Hajaratu ta ƙara mata.